Raddi Ga Masu Cewa Dokar Ba Ta Taɓa Mai Ɓari Ba

Tun ranar 24 ga Yuni 2022, da Kotun Ƙolin Amurka ta soke hukuncin Roe na 1973 ta bar wa kowace jiha ta kafa dokarta kan zubar da ciki, magoya bayan sababbin dokokin suke nanata magana ɗaya. Wai dokar ba ruwanta da mai ɓari, ta yarda a ceci ran uwa, asibitoci suna aiki kamar da, wadda ta matsu kuma ta tafi wata jiha. In an sami matsala, a cewarsu, likitoci ne ba su karanta dokar ba.

Ba sai mutum ya goyi bayan zubar da ciki ba kafin ya ga raunin wannan magana.

A fara da ceton ran uwa, tunda a kansa suka fi ɗaga murya. Dokar Texas ta amince da shi a takarda, amma ba ta fayyace inda haɗari yake farawa ba. Da zazzaɓi ya tashi ne? Ko sai mace ta fita hayyacinta? Likitan da kotu ta ce ya yi gaggawa yana fuskantar ɗaurin rai da rai, da tarar aƙalla dala 100,000, da ƙwace lasisi. Wanda aka ɗora wa wannan wuƙa a wuya jira zai yi, kuma jiran ne yake kisa. A Satumbar 2021, kwanaki kaɗan da fara aikin dokar Texas da ta hana zubar da ciki bayan makonni shida, Josseli Barnica ta je asibiti tana ɓarin cikin mako 17. Binciken kafar labarai ta ProPublica ya nuna an bar ta awa 40 saboda zuciyar ɗan tayin tana bugawa. Bayan kwana uku cutar da ta shiga jikinta ta kashe ta. A Agustan 2022 faya ta fashe wa Amanda Zurawski a mako na 18, aka sallame ta gida, ba a taɓa ta ba sai da cuta ta shiga jininta. Su biyun suna son abin da ke cikinsu. To ina "ba ruwanta da mai ɓari"?

Zargin likitoci kuwa rashin kunya ne. In dokar a fili take, me ya sa majalisar Texas da kanta ta koma a 2025 ta yi mata gyara domin fayyace wannan sashe?

Batun asibitoci ma haka. A 2023 asibitin Bonner General na garin Sandpoint a jihar Idaho ya rufe ɗakin haihuwarsa, ya kuma ambaci yanayin doka cikin dalilansa. Masu naƙuda ne suka rasa wurin zuwa. A Louisiana, daga Oktoban 2024, an sa misoprostol cikin magungunan da ake kullewa, wannan dai ƙwayar da ungozomomi a Kano da Zariya suka sani wajen tsayar da zubar jini bayan haihuwa.

Saura maganar tafiya wata jiha. Asibitin garin Jackson da aka yi shari'ar soke Roe a kansa ya rufe a Yulin 2022, masu shi suka koma Las Cruces a New Mexico, tafiyar sama da kilomita 1,500. Mai kuɗin mai da masauki za ta iya zuwa. Matar da jini ya ɓalle mata cikin dare asibitin garinsu kawai take da shi.