Akawun Kwamfuta Ba Ya Sanin Fuska

A zamanin da, in yaro ya shiga makaranta irin Kwalejin Gwamnati ta Keffi, akawu ne kan buɗe babban littafi ya rubuta sunansa da na ubansa da garinsu. In aka sami Muhammadu Sani biyu, sai ya dubi fuskokinsu ya bambance su. Yau kuwa ɗalibai dubbai ke shiga wuri kamar Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi, kowa kuma yana bukatar suna da kalmar sirri kafin ya taɓa kwamfutar makaranta.

Littafin da ya gaji na akawu shi ne rajistar sunaye ta kwamfuta. Ƙa'idar da aka fi bi wajen magana da ita sunanta LDAP, wadda ta fito a 1993, Jami'ar Michigan ta Amurka na kan gaba a aikin. OpenLDAP, da aka fara a 1998, da Active Directory na kamfanin Microsoft, duk suna jin wannan harshe.

Ba a shigar da mutum dubu biyar da hannu. Mai rubuta manhaja yakan ɗauko taskar umarnai da aka riga aka shirya, kamar ldap3 a harshen Python ko JNDI a Java. Da farko manhajar takan gabatar da kanta da kalmar sirri. Sa'an nan ta ba kowane mutum adireshi wanda babu mai irinsa, ta faɗi ajinsa, ta cika guraben da suka wajaba, wato cikakken suna da sunan iyali. In an bar gurbi ɗaya, rajistar ta mayar da lamba 65. In adireshin yana da mai shi, ta ce 68.

To, a nan gizo ke saƙar. Wanda ya gina adireshi a kan suna kaɗai, Muhammadu Sani na biyu zai tarar ƙofa a rufe. In ma mai manhajar bai kula da amsar 68 ba, yaron ba zai san ba ya cikin rajista ba sai ranar da ya zo neman sakamakon jarrabawa. Maganin abin shi ne a gina adireshi a kan lambar ɗalibi, a kuma karanta kowace amsa da rajistar ta bayar.

Abu na biyu, tun daga 1997 LDAP take karɓar haruffan duniya, har da namu masu lanƙwasa. Saboda haka babu hujjar mayar da Ɗanladi Danladi, ko Ƙasimu Kasimu. Suna amana ne, kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta bai wa ɗan ƙasa ikon neman a gyara abin da aka rubuta a kansa ba daidai ba.

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Sai mun sadu mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.