Kanikawanmu Na Buƙatar Komawa Aji

Tun shekarar 1996 doka ta wajabta wa ƙananan motocin da ake sayarwa a Amurka su zo da tsarin OBD-II, wato kwamfutar da ke lura da inji tana adana lambar matsalar da ta gano. Irinsu ne 'yan Kwatanon da suka cika titunanmu, amma kanikawanmu da dama har yanzu da kunne da kintace suke gano ciwon mota. Sai a sauya fulogi da famfon mai, alhali na'urar auna iska ce ta lalace, mai mota kuwa ya biya kuɗin banza.

Wasu za su ce na'urar karanta lambar matsalar na da tsada, kuma bakanike ba zai rufe gareji ya zauna a aji ba. To, ƙaramar na'ura mai haɗuwa da waya ta wadatu a kasuwa. Fahimta ce ta yi ƙaranci, domin lambar wurin dubawa kawai take nunawa, gano ainihin abin da ya lalace kuwa sai an koya. Batun lokaci kuma, darasin yamma ya isa. Muna kira ga hukumar bunƙasa harkar ƙera motoci ta NADDC da ƙungiyar kanikawa ta NATA su buɗe azuzuwan yamma da harshen Hausa a cikin garejojin kansu.