Kimiyyar Akwatin Talabijin da Kimiyyar Gaban Alƙali

Duk wanda ya taɓa kallon shirin nan na Amurka mai suna Law & Order ya san yadda kowane kashi nasa yake tafiya. Da farko a tsinci gawa a wani lungu na birnin Niyu Yok. 'Yan sandan ciki su zo su yi tambayoyi, likita ya duba gawa, a kama wanda ake tuhuma. Sannan rabin shirin na biyu ya koma kotu, lauyoyi su yi ta kai-kawo, kafin awa ɗaya ta cika an yanke hukunci. An fara nuna shirin a 1990, aka dakatar da shi a 2010, aka dawo da shi a 2022. Wani ɗan'uwansa, CSI, wanda aka nuna daga 2000 zuwa 2015, shi ɗakin gwaje-gwaje ya mayar fagen fama.

Haƙiƙa waɗannan shirye-shirye sun yi wa kimiyya hidima. Ɗalibai da yawa a talabijin suka fara ganin cewa ilmin sinadarai da ilmin halittu suna iya ceton ran mutum ko su tona asirin mai laifi. Sai dai akwai wani mugun darasi da suke cusawa a zukata ba tare da an ankara ba, wato cewa da zarar mai farar riga ya buɗe baki, magana ta ƙare.

A ɗauki lokacin mutuwa, alal misali. A cikin wasa likita yakan durƙusa, ya taɓa gawa, ya ce mutumin ya cika da ƙarfe kaza. Likitan gaskiya ba ya iya wannan. Abin da yake da shi alamu ne: jiki yana hucewa sannu a hankali, gaɓoɓi su fara sandarewa bayan 'yan awoyi, su sandare sosai a wajen awa 12, daga baya su sake saki. Kowace alama kuwa tana bin yanayi. Gawar da ta kwana a ɗaki mai sanyi da wadda ta wuni a ranar bazara irin ta Sakkwato ko Zinder ba sa tafiya da agogo ɗaya. Saboda haka amsar ƙwararre ita ce tsakanin lokaci kaza da kaza, kuma tazarar takan kai awoyi.

Wannan kuskure ne mai sauƙi. Mai nauyi shi ne wanda ya faɗa wa Ray Krone, wani ma'aikacin gidan waya a jihar Arizona ta Amurka. A 1991 aka kashe wata mata a birnin Phoenix, aka ga tabon cizo a jikinta. Krone yana da karkatattun haƙora. Wani masanin haƙori ya tsaya gaban kotu ya ce tabon ya yi daidai da bakinsa, a 1992 aka yanke masa hukuncin kisa. Aka sake shari'ar a 1996, aka sake kama shi da laifi. Sai a 2002 gwajin ƙwayar gado ta DNA ya nuna wani mutum dabam, aka sake shi bayan shekara goma a kurkuku. Dalilin kuskuren ɗalibin sakandare ma zai gane shi: fatar mutum tana miƙewa, tana kumbura, tana canja siffa bayan mutuwa, ba ta riƙe hoton haƙori kamar yadda laka take riƙe sawu.

Haka batun gashi. Shekara da shekaru ma'aikatan hukumar FBI suna ɗora silin gashi ƙarƙashin madubin ƙara girma, su shaida wa kotu cewa ya dace da na wanda ake tuhuma. A 2015 hukumar da kanta ta amsa cewa cikin shari'o'i 268 da aka sake dubawa, an sami kuskure a shaidar da aka bayar a 257. Tun 2009 ma Cibiyar Kimiyya ta Ƙasa ta Amurka ta yi gargaɗi cewa, ban da gwajin DNA, galibin hanyoyin nan ba a gwada su gwaji mai tsanani ba har a tabbatar suna iya nuna mutum ɗaya tak. Duk wannan bai hana mai kallo ganin sili ɗaya na gashi ya rufe shari'a a talabijin ba.

To, shi gwajin DNA fa? Tarihinsa ya fi wasan kwaikwayo ban sha'awa, kuma darasinsa dabam ne. Alec Jeffreys ya gano dabarar a Jami'ar Lesta ta Ingila a 1984. A wannan yanki an kashe 'yan mata biyu, kowacce 'yar shekara 15, ɗaya a 1983 ɗaya a 1986. 'Yan sanda suka kama wani yaro ɗan shekara 17, har ya amsa laifin kisa na biyu da bakinsa. Da Jeffreys ya yi gwaji, sai ya ga mutum ɗaya ne ya yi kisan duka biyu, kuma ba yaron ba ne. Ke nan aikin farko da DNA ta yi a shari'ar kisa wanke mara laifi ne. Daga nan aka ɗebi jinin maza kimanin 5,000, aka shafe watanni, ba a dace ba, domin mai laifin, Colin Pitchfork, ya tura abokin aikinsa ya ba da jini da sunansa. Subul da baka abokin ya yi a wurin hira, wata mata ta ji ta kai rahoto, aka kama Pitchfork a 1987, sannan gwaji ya tabbatar. Watanni na jira, da kuɗi masu yawa, da sa'a: babu ɗayansu da zai shiga shirin awa ɗaya.

Wasu lauyoyi a Amurka suna kuka cewa masu taya alƙali yanke hukunci, saboda yawan kallo, sukan ƙi gamsuwa in ba a kawo musu shaidar ɗakin gwaji ba. Wannan damuwa ce, amma kishiyarta ta fi haɗari. Neman ƙarin hujja ba ya kai mara laifi igiya. Gaskata duk abin da aka kira kimiyya shi ne ya kusan kai Krone.

Hana yara kallo ba zai yiwu ba, ba kuma shi ne magani ba. Malamin kimiyya yana iya mayar da kashi ɗaya na shirin abin koyarwa: duk inda ƙwararre ya yanke magana, ɗalibai su tambaya da me ya auna, sau nawa irin awon yake kuskure, wa ya sake aunawa. Akwai kuma gwaji mai araha. Kowane ɗalibi ya dangwala babban yatsansa da tawada a takarda, malami ya ajiye. Sannan biyar daga cikinsu su sake dangwalawa a ɓoye, rabin yatsa kawai, a ɗan goge kamar yadda ake samu a jikin kofi ko marfin ƙofa. A raba aji rukuni-rukuni, kowane rukuni ya nemo masu yatsun ba tare da jin amsar saura ba, a rubuta a allo rukuni nawa suka dace, nawa kuma suka nuna wanda bai taɓa takardar ba.