A haɗa waya da rediyon mota, amma a bar wa direba idonsa

Kwanakin baya na shiga wata Sharon daga Kano zuwa Kaduna. Kafin mu kai Kwanar Dangora direban ya sauya abin da muke saurare ya fi sau biyar. Da karatun Alƙur'ani ya fara, kamar yadda aka saba, sai ya koma Shata, can kuma ya tuna da wata waƙar Hamisu Breaker da yake son mu ji. Duk sauyin nan da hannu ɗaya ake yin sa: waya a dama, sitiyari a hagu, ido a kan allo yana lalube. Wani dattijo da ke gidan gaba ya gaji ya ce, "Malam direba, don Allah bar mana kowacce ce, mu dai mu isa gida." Aka yi dariya. Ni dariyar ba ta zo min ba, domin daga inda nake zaune ina hango allurar gudu ta haura 100.

Ba laifi ba ne mutum ya so jin abin da ke cikin wayarsa a lasifikar mota. Yawancin motocin da muke hawa sun girmi wayoyin da ke aljihunmu da shekara goma sha biyar ko ashirin. Golf 3, Sharon, Fijo 406, tsohuwar Corolla, Honda EOD, duk an ƙera su ne a zamanin kaset da faifan CD. Kaset ɗin ya ɓace daga kasuwa, na'urar CD kuma ƙurar hunturu da ramukan hanya sun gama da ita. Tafsiri, wa'azi, waƙa, littattafan Hausa da ake karantawa a murya, komai ya koma cikin memori da waya. Dole a nemi gada tsakanin tsohon rediyo da sabuwar waya. Tambayar ita ce wace irin gada za a yi, kuma me za ta ci wa direba.

Wadda ta fi yaɗuwa ita ce 'yar na'urar nan da ake cusawa a ramin kunna sigari, wadda masu shago ke kira MP na mota. Ƙaramar tashar rediyo ce. Tana karɓar sauti daga memori, filashi ko Bluetooth, ta watsa shi a zangon FM a tazarar 'yan mitoci, rediyon motar ya kama kamar yadda yake kama kowace tasha. Shi ya sa dole lambar da ke jikinta ta dace da wadda aka saita a rediyon. Shi ya sa kuma take ba da wahala a cikin birni. A Kano, Dala FM na kan 88.5, Arewa Radio na kan 93.1, Rahma na kan 97.3, Freedom na kan 99.5, Pyramid na kan 103.5, ga wasu da dama a tsakani. Na'urar da ba ta kai girman babban yatsa ba, ba za ta iya ja da eriyar gidan rediyo ba. Wanda ya saita ta kusa da tasha mai ƙarfi, shuu zai yi ta ji. Gurbin da yake shiru a Kano kuma yana iya zama gidan wata tasha da an shiga Zariya ko Kaduna, a nan ne direba ke sunkuyawa yana danne-danne mota na gudu. Masu motocin da aka shigo da su daga Amurka su lura da wani abu: rediyonsu kan tsallaka daga 88.1 zuwa 88.3 zuwa 88.5, ba ya tsayawa a 88.2, don haka sai an zaɓi lambar da zai iya kamawa. Sannan a wasu motocin ramin sigarin ba ya mutuwa ko an zare makulli. Idan motar ta yi kwanaki a ajiye da na'urar a ciki, batir mai rauni na iya wayar gari a kwance.

Wanda rediyonsa ke da ɗan ramin da aka rubuta AUX ya huta da wannan duka. Igiya ce mai kai biyu irin na abin saurare na kunne, ɗaya a waya, ɗaya a rediyo, sauti ya fito tas. Matsalarta biyu. Ta farko, wasu wayoyin sun daina zuwa da ramin. Apple ya cire shi tun daga iPhone 7 a 2016, manyan wayoyin Samsung suka biyo baya, ko da yake yawancin Tecno, Infinix da itel da ke hannun jama'a suna da shi. Ta biyu, idan ana cajin wayar a jikin motar alhali igiyar na haɗe, akan ji wani siririn kuka da ke ƙaruwa duk lokacin da aka taka totur. Ba lasifika ce ta lalace ba, kuma ba sai an canza rediyo ba, duk da abin da wani mai shago zai gaya maka. Hayaniyar wutar injin ce ke biyo wayar caji ta shiga sautin. A cire cajar a gani, ko a sa ɗan matacin da ake sayarwa don haka a tsakiyar igiyar.

Akwai ma kaset na ƙarya mai jela, wanda ake zurawa a tsohon rediyo a haɗa jelar da waya. Babu zare a cikinsa, kan maganaɗisu ne ke miƙa sautin ga kan rediyon kai tsaye. Ya yi ƙaranci a kasuwa yanzu, amma inda aka dace da mai kyau ya fi MP na FM tsabtar murya.

Hanyar da na fi ganin hankali a cikinta ba a cika tallata ta ba. Rediyoyin asali na Toyota, Honda da Volkswagen da yawa suna da wata kafa a bayansu da aka tanada don akwatin CD mai ɗaukar faifai da yawa. Ana samun ɗan akwatin Bluetooth da ke shiga wannan kafar, rediyon ya ɗauka CD ne aka haɗa masa. Ba a yanka waya ko ɗaya, dashbod na nan yadda yake, kuma a motoci da dama maɓallan sitiyari na ci gaba da aiki, har da na tsallake waƙa. Mai wayarin da ya san aikinsa a Kofar Ruwa ko Panteka zai iya ɗora shi cikin ɗan lokaci. A dai tabbatar akwatin ya dace da ƙirar motar da shekararta, kuma a tambayi lambar sirrin rediyon kafin a cire kan batir, domin na Honda da Volkswagen kan kulle kansu su nemi lamba idan wuta ta yanke musu.

To, me ya sa ba ita ake fara nuna wa mai mota ba? Domin ribar tana wani wurin. Abin yayi yanzu shi ne a ɓalle rediyon asali gaba ɗaya a dasa allon Android mai faɗin faranti. A nan ne nake da ja.

Ban musa amfaninsa ba. Yana nuna taswira, yana nuna baya idan ana ribas, yana karɓar kira. Amma a je a leƙa motocin haya da na gida a ga abin da ake yi da shi a zahiri: fim ɗin Kannywood, fassarar Indiya, bidiyon waƙa, wani lokaci har ƙwallo, a gaban direba, mota na tafiya. Su kansu masu ƙera irin waɗannan allunan sun san haɗarin. Yawancinsu suna zuwa da wata waya da aka ce a haɗa da birkin hannu, ta yadda hoto ba zai fito ba sai mota na tsaye, ko kuma da wani saiti a ciki da ke hana bidiyo idan ana tafiya. Abin da masu ɗorawa suka saba yi shi ne su ɗaure wayar a jikin ƙarfen mota, allon ya zaci kullum birki a ɗage yake, ko su kashe saitin kafin su miƙa makulli. Ba mugunta ba ce, kwastoma ne zai dawo da faɗa idan fim ya ƙi fitowa. Amma kariya ce aka cire da gangan, kuma mai motar sau da yawa bai ma san an taɓa yin ta ba.

Lissafin ba ya buƙatar masani. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Daƙiƙa huɗu na neman waƙa a allo sun haura mita 110, tsawon filin ƙwallo har da ɗoriya, ba tare da direba ya ga hanya ba. A titin Kano zuwa Zariya wannan tazarar ta isa tirelar da ta lalace ta bayyana, ko garken shanu, ko yaro mai tallan rake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce direban da ke amfani da waya ya ninka wanda ba ya yi kusan sau huɗu wajen yiwuwar yin hatsari, ta kuma ce magana ba tare da riƙe wayar ba ba ta rage haɗarin da wani abin kirki ba. Wannan na ƙarshen ya kamata masu Bluetooth su ji shi da kyau, har da ni. Hannu ya huta, amma hankali na can wurin ciniki ko rigimar gida.

Doka ta san da waya. A jerin laifukan hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC akwai amfani da waya yayin tuƙi, kuma ana cin tara a kai. Sai dai jami'in da ke bakin titi wayar da ke kunne yake nema. Allon da ke manne a dashbod yana haska fim yakan wuce shi salin-alin, alhali ya fi wayar cin ido. Ya kamata FRSC da hukumomin jihohi irin KAROTA su ɗauki bidiyo a gaban direba da nauyin da suke ɗaukar waya a kunne, su kuma faɗa wa jama'a haka a rediyo kafin su fara kamu, kada abin ya zama wata sabuwar ƙofar karɓar na goro. Shugabannin tasha na NURTW sun fi kowa iko a nan. Su ne ke ganin mota kafin ta yi lodi, kuma maganarsu ta fi ta mai kaki shiga kunnen direba. Ƙungiyoyin masu wayarin ma za su iya yarda a tsakaninsu cewa wayar birkin nan a wurinta za a riƙa haɗa ta, wanda ya ƙi ya je wani wurin.

Wani zai ce direban da ya taso daga Maiduguri ko Sakkwato yana buƙatar abin da zai hana shi gyangyaɗi. Gaskiya ne, kuma ba wanda ya ce a kashe sauti. Kunne ne ke buƙatar abokin hira, ido yana da aikinsa. A jera abin da za a saurara tun mota na tasha, na awa uku ko huɗu, a saita lambar FM, a ajiye wayar inda hannu ba zai kai ba. Idan lallai sai an sauya, ga na kusa da direba nan zaune ba ya aikin komai.

Abin da dattijon nan na Sharon ya yi ke nan da muka tsaya shan mai a Zariya. Ya miƙa hannu ya ce, "Kawo wayar nan, ɗana, ni zan riƙa sa mana." Direban ya ɗan yi jim, ya ba shi. Daga nan har Kawo, Dan Maraya Jos muka sha, ko mun so ko mun ƙi.