Kun sa tambari, kun manta ajiya

Jama'a, yau da 'yan'uwana masu rubuta manhaja nake, musamman waɗanda suka kafa rumbun ajiye kod nasu na kansu a ofis ko a makaranta. Wanda abin ya taɓa ya yi haƙuri.

Ni ina cikin masu cewa mu riƙe kayanmu a hannunmu. Microsoft ta sayi GitHub a 2018 kan dala biliyan 7.5. A 2019 GitHub ya taƙaita asusun mutanen Iran da Siriya da Kirimiya saboda takunkumin Amurka, mutum ya wayi gari aikinsa na sirri yana bayan ƙofar da ba shi ke da makullinta ba. Mu ma a nan, ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, kowa ya ga yadda aiki ya tsaya. Zanen aro ba ya rufe katara. Don haka wanda ya ɗora Gitea ko Forgejo ko GitLab a kan sabarsa, na yaba masa.

Amma abin da ake yi bayan an ɗora ɗin ne yake ƙona min rai.

Kwanakin baya aka kira ni wani ofis, ba zan faɗi suna ba. Gitea suke amfani da shi. Wallahi shafin ya yi kyau: tambarin ofis a sama, launin ofis ko'ina, har da hoton oga a shafin shiga. Na tambayi yaron da ke kula da sabar yaushe rabonsa da sabunta manhajar. Ya sosa ƙeya ya ce tun da aka ɗora. Dalili? Ya kwafi shafukan Gitea na asali ya sassauya su don ya burge oga, da ya gwada sabuntawa sai shafukan suka wargaje, shi ne ya koma tsohon ya yi shiru. Na ce to ina kwafin ajiya? Ya nuna min wata folda a kan faifan da sabar take. Faifan da ya mutu, wanda saboda shi aka kira ni.

Abin da ya cece su shi ne yadda aka gina Git tun 2005: duk wanda ya sauke aiki a kwamfutarsa yana da cikakken tarihinsa. Muka bi laftof ɗaya bayan ɗaya muka tattaro kod. Amma rahoton kurakurai da muhawarar da aka yi kan kowane gyara, waɗannan a rumbun bayanan sabar suke, kuma sun tafi ke nan.

Laifin yaron kaɗan ne. Laifin na wanda bai taɓa tambayar ajiya ba, amma sau uku yana aikowa a ƙara wa tambari girma.

Wani zai ce to kwalliya haramun ce? A'a. Gitea da kansa ya tanadi folda mai suna custom don wannan. Ka sa tambarinka a ciki, ka rubuta launukanka a fayil daban, ka yi amfani da guraben da aka bari na saman shafi da ƙasansa. Waɗannan ba kasafai sabuntawa ke taɓa su ba. Amma da zarar ka maye gurbin shafi sukutum, ka ɗaukar wa kanka aikin bin sa duk lokacin da sabon fito ya zo. In ba ka da lokacin wannan, kada ka fara.

Kafin ka taɓa launi, shiga app.ini ka rufe rajista, kada kowane baƙo daga intanet ya buɗe asusu a sabarka. Ka tilasta shiga mai mataki biyu ga masu iko. Ka riƙa gudanar da gitea dump, ka kai kwafin wata na'ura a wani gini, sannan ka gwada dawo da shi ko sau ɗaya, don kwafin da ba a gwada ba zato ne kawai. Ka sa batir, tunda kowa ya san halin wutarmu, kuma ɗaukewarta ana tsakiyar rubutu na iya lalata rumbun bayanai. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Masu cewa ai gara a koma GitHub a huta, ina jin ku. In ofishinku ba shi da mutum ɗaya da zai ware awa biyu a wata don sabar nan, to ku koma, ya fi muku. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce ana riƙe da kayan kai alhali faifai ɗaya ne tsakaninku da asara.

Ogogi, gobe in kun shiga ofis ku tambayi mai kula da saba: in na'urar nan ta ƙone yau, awa nawa za mu dawo? In ya fara kame-kame, ku saya masa faifai na biyu kafin ku yi masa faɗa.

Allah Ya sa mu gyara.