Idan likita na samun albashi yana koyon aiki, me ya hana malamin makaranta?

A kan titin Zariya, daura da Gyadi-Gyadi, akwai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Duk ɗalibin da ya kammala karatun likita, ba a sakar masa marasa lafiya ya yi yadda ya ga dama. Sai ya yi shekara guda yana bin manyan likitoci ɗaki-ɗaki, suna duba aikinsa suna yi masa gyara, kuma duk wata ana biyan sa. Babu wanda ke kiran wannan ɓarnar kuɗi, domin kowa ya san rai ake magana.

Ba nisa da ƙofar asibitin, a makarantun firamare na gwamnati da ke Gyadi-Gyadi, Unguwa Uku da sauran unguwannin Tarauni, labarin ya sha bamban. Ɗalibin NCE da aka turo gwajin koyarwa, wato TP, yakan zo na 'yan watanni, ya biya kuɗin adaidaita sahu daga aljihunsa, ya sayi kwali da maka da kansa. Sau da yawa shugaban makaranta, saboda ƙarancin malamai, sai ya miƙa masa aji guda ya barshi da Allah. Malaminsa na kwaleji ya leƙo sau 'yan kaɗan, ya ba da maki, ya tafi. Ana gama zangon, ajin ya koma yadda yake.

Ƙarancin malamai a Kano ba ɓoyayyen abu ba ne. A watan Yunin 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi, inda ya bayyana cewa akwai ɗaruruwan makarantun da malami ɗaya tak ke riƙe da su. Manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi malami ɗaya ga yara 35 a firamare, amma wanda ya taɓa leƙa aji ɗaya ko aji biyu a cikin birni ya san an yi wa wannan lissafi nisa. Gwamnatin jihar ta ware kusan kashi 30 cikin 100 na kasafin 2024 ga ilimi, ta kuma mayar da malaman sa-kai na shirin BESDA fiye da 5,000 ma'aikatan dindindin. Wannan abin a yaba ne. Sai dai ɗaukar mutum aiki daban, mayar da shi malami daban.

Jihar Kaduna ta ɗanɗana wannan a 2017, lokacin da malamai 21,780 cikin kimanin 33,000 suka faɗi jarrabawar da aka ce ta 'yan aji huɗu ce. Kora ta biyo baya, amma tambayar da ta fi muhimmanci ita ce: wa ya horar da su, kuma ta yaya?

Abin da ya kamata Kano ta gwada shi ne ba sabon malami shekarar sanin makamar aiki irin ta likita. Wanda ya kammala NCE ko digirin ilimi a haɗa shi da gogaggen malami a aji ɗaya tsawon shekarar karatu. Ya fara da kallo, ya koma ɗaukar darasi ɗaya, har ya kai ga riƙe ajin ana sa masa ido. A ba shi alawus duk wata, a ƙara wa malamin da ke horar da shi wani abu a kan albashinsa. Idan ya cancanta, takardar ɗaukar aiki na jiran sa, bisa sharaɗin zai yi aƙalla shekara uku inda aka tura shi.

Wannan ba baƙon abu ba ne. Birnin Boston na Amurka ya fara irin wannan shiri a 2003, kuma bincike ya nuna malaman da suka bi ta cikinsa sun fi takwarorinsu daɗewa a bakin aiki. Jihar Kaliforniya ta ware masa dala miliyan 75 a 2018, ta ƙara miliyan 350 a 2021. A Jamus, sabon malami yakan shafe fiye da shekara yana koyon aiki a makaranta, gwamnati na biyan sa. Ghana ta dawo da alawus ɗin ɗaliban kwalejojin malanta a 2017 bayan an soke shi. A nan gida ma, dattawan da suka yi kwalejojin horon malamai na Grade II suna tuna zamanin da hukuma ke ɗaukar nauyin ɗalibi, saboda ta san amfaninsa gare ta zai dawo.

Za a ce ina kuɗin? Mafi ƙarancin albashi a Kano naira 71,000 ne. Idan aka ɗauki mutum 1,000 a kan wannan adadi, shekara guda za ta ci naira miliyan 852. A jihar da kasafinta ya haura ɗaruruwan biliyoyi, wannan bai fi ƙarfin gwamnati ba. Akwai kuma kason horar da malamai da hukumar UBEC ke turo wa jihohi, wanda galibi ke ƙarewa a bitar kwana uku ko biyar. Bita tana da ranarta, amma ba ta kai shekara guda a gaban allo ba.

Haɗarin da ya fi rashin kuɗi shi ne a mayar da shirin hanyar samun malamai masu arha. An ga yadda N-Power ta tura matasa azuzuwa tun 2016 a kan naira 30,000, ba tare da wani tsayayyen mai horarwa ba, kuma da wa'adinsu ya ƙare aka sallame su. Idan aka bar mai koyo shi kaɗai da aji, an koma gidan jiya. Haka nan idan guraben suka zama na rabo tsakanin 'yan siyasa, an kashe maciji ba a sare kansa ba. Dole zaɓen ya kasance ta jarrabawa, a fito da sunaye fili, a kuma sa wannan kuɗi cikin doka yadda sabuwar gwamnati ba za ta wayi gari ta soke shi ba.

Tarauni ta dace da gwajin farko. Makarantunta suna kusa da juna, masu duba aiki za su iya zagaya su cikin sauƙi, Kwalejin Ilimi ta Sa'adatu Rimi kuma tana kan wannan titi na Zariya. Hukumar SUBEB, kwalejin da ƙungiyar malamai ta NUT za su iya zama su tsara shi, su auna sakamakon bayan shekara biyu, kafin a kai shi ƙauyukan da suka fi buƙata.

Likitan da ke yawo da farar riga a asibitin Malam Aminu Kano, wani malamin firamare ne ya fara koya masa riƙe fensir. Shi kansa Malam Aminu malamin makaranta ne kafin ya zama ɗan siyasa. Jihar da ke alfahari da sunansa bai kamata ta bar sabon malami ya koyi aiki a kan yaran talakawa ba tare da jagora ko kuɗin mota ba.