Rahoton Wasanni da Abin da Ke Fili

A shekarar 2012 aka yi Wasannin Olimfik a birnin Landan, aka kashe wajen fam biliyan 9. Tun ana shiri Gwamnatin Ingila ta yi alkawari, albarkacin bikin nan za a sami ƙarin mutum miliyan 1 masu yin wasa a kai a kai a unguwanninsu. 'Yan wasansu kuwa sun yi abin yabo, suka ci lambar zinariya 29, suka zo na uku a duniya. Aka yi ta shela an ci nasara.

Amma fa tun ba a fara wasannin ba, Gwamnatin da ta hau a 2010 ta yi watsi da alkawarin. A shekarar nan kuma Ministan Ilmi, Michael Gove, ya ce zai janye fam miliyan 162 da a ke ba makarantu don shirya wasanni, sai da malamai suka yi ca sa'an nan ya mai da wani sashi. A 2022 ofishin binciken kuɗin Gwamnati ya bayyana cewa cikin shekara 3 bayan bikin, masu wasa ko sau ɗaya a mako cikin manya raguwa suka yi.

To, me ke sa a kambama irin wannan aiki? A ganinmu, lamba da gini da taron yini ɗaya suna ƙirguwa, ana ɗaukar hotonsu. Yaron da ya zo fili sau biyu ya daina, ba mai rubuta sunansa. Wanda ya shirya aikin kuma shi ne mai rubuta rahoto, ga shi kuɗin baɗi bisa rahoton nan za a ba shi. Ba lalle ƙarya ya ke yi ba, tsince mai daɗin ya ke yi. Ofishin da ke sama ya karɓa ya ƙara gishiri, don shi ma yana da na gaba da shi.

Malamai da akawuna, irin takardun nan ta hannunku su ke bi. Muna roƙo in za a rubuta kofin da aka ciwo, a rubuta yara nawa suka fara wasa farkon shekara, nawa suka rage ƙarshenta, 'yan mata nawa a ciki, kuma filin makarantar yana nan ko an yanka shi fuloti.